Kafin Batir Ya Mutu: Yadda Ake Aiki da Quest Helper a Tsohon RuneScape

Duk mai wasan kwamfuta a Boɗinga ko Shagari, lissafi uku yake yi kafin ya zauna: nawa ya rage a batir, nawa ya rage a data, sabis kuma zai tsaya ko zai yi ta ɗaukewa. Shi ya sa yawancin samari suka tsaya a kan wasan ƙwallo da na harbe-harbe a waya, waɗanda ake gamawa cikin 'yan mintoci. Amma akwai wani tsohon wasa da ya dace da halin da muke ciki fiye da yadda ake zato, wato Old School RuneScape. Akwai kuma wata 'yar manhaja da ake maƙala masa, Quest Helper, wadda ke sa ɗan lokacin da batir ya ba ka ya yi albarka. Ita zan yi bayani a kai: inda ake samunta, yadda ake girka ta, abin da ya kamata ka bar mata, da abin da bai kamata ka yarda ta yi maka ba.

Kamfanin Jagex da ke Kambirij ta Ingila ne ya fitar da RuneScape a watan Janairun 2001. Wasa ne da dubban mutane ke shiga duniya ɗaya ta intanet, kowa da mutuminsa, ana sare itace, ana kamun kifi, ana haƙar ma'adinai, ana ƙira, ana fatauci, ana yaƙi. Da shekaru suka ja, wasan ya sauya kama har tsofaffin 'yan wasa suka riƙa kukan a dawo musu da na da. Kamfanin ya tono wani kwafi da ya adana tun watan Agustan 2007, ya sake buɗe shi ranar 22 ga Fabrairun 2013, shi ne wannan da ake kira Old School. Tun 2015 akwai ɓangaren da ake yi kyauta, ba sai da kati ko dala ba. Zanensa na da ne, don haka laftof ɗan gwanjo irin wanda ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na kwalejin kimiyya ta Umaru Ali Shinkafi ke dawowa da shi gida hutu ya isa ya ɗauke shi. Da zarar an gama saukewar farko, datar da yake ci a zama ɗaya ba ta kai ta kallon bidiyo na 'yan mintoci ba. Tun da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙashin bayan wasan shi ne aike. Wani daga cikin mutanen wasan, mai dafa abincin fada ko manomi ko sarki, zai ce yana da matsala, ka nemo masa kaza, ka kai saƙo wurin wane, ka kashe dodon da ya addabi gari. In ka cika, a ba ka makin aike, a ƙara maka ƙwarewa a wata sana'a, wani lokaci a buɗe maka ƙofar da take rufe. Matsalar ita ce wasan ba ya nuna maka hanya. Ɗan littafin da ke cikinsa layi biyu ko uku yake rubuta maka, da Turancin Ingila mai habaici, ya bar ka ka yi ta bilinbituwa. Mai wuta dare da rana yana iya jin daɗin wannan yawon. Wanda ya biya kuɗin caji a shago ya dawo da batirin da ba zai wuce sa'a biyu ba, shi kam asara ce.

Ba RuneScape kaɗai ke da wannan ciwon ba. World of Warcraft, wanda Blizzard ya fitar a Nuwamban 2004, shi ma haka ya fara, babu alama a taswira, har 'yan wasa suka ƙirƙiro manhajojin ƙari da kansu, kafin kamfanin ya saka nasa tsarin nuna wurin aike a ƙarshen 2009. Da aka dawo da tsohon samfurinsa da sunan Classic a Agustan 2019, sai wata manhaja mai suna Questie ta zama abokiyar tafiyar kusan kowa: a sauke ta, a zuba a cikin jakar Interface, ƙarƙashin AddOns, ta cika taswira da alamomi. Sai dai wancan wasan biyan wata-wata ne da kuɗin waje, kuma saukensa yana cin data mai yawa. Wanda yake da hali, bismilla. Ni dai na mutanenmu nake dubawa, shi ya sa na tsaya a kan RuneScape.

Girkawa, da inda ɓarayi ke kwana

Quest Helper ba ta zama ita kaɗai. A cikin RuneLite take aiki, wata manhajar buɗe wasan da masu sa kai suka rubuta, lambobinta a fili suke kowa na iya dubawa, kuma Jagex ya sa ta cikin jerin waɗanda ya amince da su a 2022. Hanya biyu ce kawai ta samunta da zan yarda ɗan'uwana ya bi. Ko dai ka sauke Jagex Launcher daga shafin wasan na asali, ka zaɓi RuneLite a cikinsa, ko ka rubuta runelite.net da hannunka a wurin adireshi. Na ce da hannunka ne saboda akwai shafukan bogi masu kama da na gaskiya, harafi ɗaya suka bambanta, wani lokaci su ne ke fitowa a sama a matsayin talla in ka yi bincike. Ka sauke tasu, wasan zai buɗe lafiya lau, kalmar sirrinka kuwa ta riga ta tafi. Haka nan kada ka karɓi wadda aboki ya turo maka ta WhatsApp ko ya kwafo a filas, ko da amininka ne. Shi kansa bai san abin da ke ciki ba.

Saukewar farko ita ce mai nauyi. Ka bari sai dare lokacin garaɓasar data, ko ranar da ka shiga Sakkwato ka sami wurin da sabis ke da ƙarfi. Kafin ka haɗa laftof da wayarka, shiga saitin intanet na Windows ka sanya haɗin a matsayin mai awo, wanda suka rubuta Metered connection. In ba haka ba, kana nan kana jiran wasa, Windows na can yana sabunta kansa da datarka.

Buɗe asusu da imel ɗin da kai kaɗai ke shiga. Kunna tabbacin shiga mai mataki biyu tun ranar farko. Da ka isa banki na farko a cikin wasan, ka yi magana da ma'aikacin ka saka lambar sirri ta banki mai lamba huɗu. Yanzu ba ka da komai, za ka ga kamar ɓata lokaci ne. Bayan wata shida za ka gode wa Allah da ka yi.

Da RuneLite ta buɗe, duba gefen dama, akwai jerin ƙananan alamomi. Danna mai kama da sifana. A nan za ka ga sashen Plugin Hub, rumbun ƙarin da wasu mutane dabam suka rubuta aka tace kafin a saka. Rubuta Quest Helper a wurin bincike, ka tabbata sunan marubucin Zoinkwiz ne, ka danna Install. Ba ta da nauyi, nan da nan za ta sauka, sabuwar alama ta bayyana a jerin gefen. Shi ke nan girkawa.

Aiken farko

Bayan ka gama tsibirin koyo da ake fara wasan a cikinsa, wasan zai ajiye ka a garin Lumbridge, gaban fada. Aiken da ya fi dacewa ka gwada manhajar da shi shi ne Cook's Assistant. Buɗe Quest Helper, nemo sunan, ka danna alamar farawa. Ko kuma a cikin jerin aike na wasan, ka danna sunan da maɓallin dama na linzami, za ka ga zaɓin kunna ta.

Abin da za ka fara gani shi ne ɗan akwati a saman allo ta hagu, yana gaya maka mataki na gaba: yi magana da kuku a kicin ɗin fada. Kibiya za ta fito a ƙaramar taswira. Kana shiga kicin, za ka ga an zagaye kukun da shuɗin layi. Ka yi masa magana, amsar da ya kamata ka zaɓa ma an canza mata launi. Kukun yana cikin tashin hankali, ranar bikin haihuwar mai gidansa ce, ya manta bai tanadi kayan kek ba: ƙwai ɗaya, bokitin madara, da tukunyar gari.

To, a nan ne nake so ka dakata. Kada ka bi kibiya tukuna. Dubi allon gefe, inda aka jera kayan da aiken ke buƙata. Abin da ke jakarka kore ne, wanda ba ka da shi ja. Tukunyar da za ka zuba gari tana nan a kan teburin kicin ɗin. Bokiti yana ɗakin ƙasa, ta ƙofar da ke daɓen kicin. Wanda bai duba ba zai fita, ya tsallaka kogi, ya kai garken shanu, ya tsaya gaban saniyar tatsa, sannan ya gane ba shi da abin tatsa. Kamar wanda aka aika kasuwar Sakkwato daga Shagari ne, sai da mota ta wuce Boɗinga ya tuna kuɗin suna gida. A wasan ma tafiyar ƙafa ce, gudun mutuminka yana ƙarewa ya koma taku, kuma kowane taku batir ne.

Da bokiti da tukunya a jaka, zagaye ɗaya ya isa. Tsallaka gada zuwa gabas ka bi arewa, ka tatsi madara, ka ɗauki ƙwai a gidan kaji da ke kusa. Dawo yamma ka nufi injin niƙa da ke arewa maso yammacin gari, ka tsinki zangarniya ɗaya a gonar alkama da ke gefensa. Hau bene na ƙarshe, zuba a mazurari, ja abin sarrafawa, sauko ƙasa ka kwashe gari da tukunya. Manhajar za ta haska kowane tsani da kowane abu. Ka koma wurin kuku, a ba ka makin aike ɗaya, ƙwarewar girki 300, da izinin amfani da murhunsa.

Wannan jerin kayan, a ganina, shi ne rabin amfanin manhajar gaba ɗaya, ko fiye. Kibiya tana burge sabon shiga, amma jerin ne ke hana ka zirga-zirga. Akwai abu ɗaya da mutane da yawa ke tsallakewa: manhajar ba ta san abin da ke bankinka ba sai ka buɗe shi. Don haka ka mayar da shi al'ada, kafin kowane aike ka fara tsayawa a banki. Na Lumbridge yana saman benen fada. Da ka buɗe, kayan da kake da su a ajiye za su sauya launi a jerin, kuma akwai ɗan maɓalli da ta ƙara a fuskar bankin wanda zai ware maka kayan aiken da kake kai kawai. Jakarka gurbi 28 ne da ita, ba ƙari. Ɗauki na aiken, ɗauki abinci in akwai faɗa a gaba, sauran ka bar su. A ƙasan kayan dole akwai kuma waɗanda aka ba da shawara a riƙe, da sunayen abokan gaba da za ka haɗu da su da matakin ƙarfinsu. Karanta wannan kafin ka fita, ba sai ka ga dodo a gabanka ba.

Abin da zan roƙe ka ka kashe

Manhajar tana iya yi maka komai in ban da danna linzami, kuma nan ne haɗarinta yake. Na ga samari suna gama aike goma a jere, ka tambaye su wa ya aike su, me ya faru, ba su sani ba. Shuɗin layi kawai suka bi, suna danna maɓallin tsallake magana. An biya data an ƙona batir, an tashi ba labari. Alhali waɗanda suka rubuta waɗannan aiken sun zuba hikima da raha a ciki, kuma ga ɗalibin da ke fama da Turancin jarrabawa, karanta hirarrakin nan motsa ƙwaƙwalwa ne da ba ya jin sa a matsayin karatu.

Shawarata ita ce ka raba aikin. Bar wa manhajar dawainiya: jerin kaya, hanya, wane gari, wane bene. Kai kuma ka riƙe labari da wasan ƙwaƙwalwa. A cikin saitinta, ta wannan alamar sifana, akwai inda ake kashe warware wuyar-warwara, akwai inda ake kashe haska amsar hira. Kashe su. Gwada a kan Ernest the Chicken. Wata baiwar Allah, Veronica, tana tsaye a ƙofar wani tsohon gida mai ban tsoro a arewacin Draynor, saurayinta ya shiga tambayar hanya bai fito ba. Ashe wani farfesa a saman bene ya mayar da shi kaza da injinsa, kuma sai ka nemo sassan injin guda uku kafin a dawo da shi mutum. Ɗaya yana cikin kwamin ruwa mai kifaye masu cizo. Dabarar ita ce ka haɗa abincin kifi da guba ka zuba. Ɗaya yana ɗakin ƙasa, bayan ƙofofin da ke buɗewa da rufewa gwargwadon yadda ka ja wasu maɓuɗɗai shida. Ka ɗauki biro da takarda, ka ja ɗaya, ka duba wace ƙofa ta motsa, ka rubuta. Daɗin da za ka ji ranar da ƙofar ƙarshe ta buɗe da dabararka, babu manhajar da za ta ba ka shi. In ka yi iya yinka abin ya ƙi, batir kuma ya fara ja, kunna taimakon ka wuce. Ba abin kunya ba ne. Don irin wannan ranar aka yi shi.

Zafi, ƙura da sabis

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura maki 40, tsohon laftof ba ya son wasa. Kada ka ɗora shi a kan katifa ko tabarma mai laushi. Sa shi a kan tebur ko faranti, ka ɗaga bayansa da wani abu iska ta shiga. Bayan hunturu a kai wa mai gyara ya busa ƙurar fanka. A cikin RuneLite kuma abu biyu za ka taɓa. Kunna Low Detail, wanda ke rage kwalliyar ƙasa. Sannan ka kunna FPS Control ka rage yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa daga 50 zuwa 30 ko ƙasa da haka. Wasan kansa bugun zuciyarsa sau ɗaya ne a kowane kashi shida cikin goma na daƙiƙa, don haka ba abin da za ka rasa a aike, fanka kuwa za ta lafa, batir ya ƙara jimawa. Akwai wani ƙari mai suna 117 HD da ke ƙawata wasan ƙwarai. Mai tsohon inji ya haƙura da shi.

Wasan yana da duniyoyi da yawa masu lamba, kwafin juna ne, injinansu a ƙasashe irin su Ingila, Jamus, Amurka da Ostireliya. Daga nan, na Ingila da Jamus sun fi kusa. Alamar World Switcher a gefe tana nuna jinkirin kowace. Zaɓi ta kyauta mai ƙaramin jinkiri. In kana ƙauyen da sabis ke da rauni, a kewayen Sifawa ko Dingyaɗi ko can wajen dam ɗin Shagari, ɗora wayar a taga ko wuri mai tudu, ka haɗa ta da laftof da igiya maimakon iska, don ta riƙa caji tana aiki.

Ga abin da ya kamata ka sani game da ɗaukewar sabis: mutuminka ba ya ɓacewa nan take. Yana iya tsayawa a wurin na ɗan lokaci, in ana dukansa kuma a ci gaba da dukansa. Idan ya mutu, abubuwa uku mafi tsada ne ke binsa, sauran su zauna a kabarinsa na minti 15 na lokacin da kake cikin wasan, daga nan su koma ofishin da ake karɓo kayan mamata. Wannan tsarin, da aka kawo a 2020, sauƙi ne babba ga irinmu, amma kada ka dogara da shi. Aiken da ba faɗa a ciki ka yi su duk lokacin da ka samu. Masu faɗa ka ajiye su sai sa'ar da ka san layi ya fi zama, wadda a wurare da yawa bayan mutane sun kwanta ne ko da sassafe bayan Asuba. Kiran salla kuwa in ya same ka a tsakiyar aike, matsa wuri mai aminci ka fita. Wasan yana adana inda ka tsaya, manhajar kuma daga wasan take karanta matakinka, don haka kana dawowa za ta ɗora daga nan.

Jagex yakan sabunta wasan kusan kowane mako, galibi ranar Laraba. A irin wannan rana RuneLite ko Quest Helper na iya yin gardama na ɗan lokaci. Rufe ka sake buɗewa don ta ɗauki gyara. In ta nuna maka matakin da ka riga ka wuce, kashe taimakon aiken ka sake kunnawa. Kada ka je neman wata a wani shafi.

Wanne za ka fara, wanne zai biyo

A saman allon Quest Helper akwai inda ake tace jerin: na kyauta kawai, waɗanda ka cika sharuɗɗansu, ko a jera maka su bisa tsarin da ya fi riba. Tsarin yana da amfani, amma sabon asusun kyauta yana da wata buƙata ta gaggawa. Don yaƙi da masu sakin injina su yi musu wasa, an taƙaita wa sabon shiga sayar da wasu kayayyaki a babbar kasuwar Varrock, wato Grand Exchange, har sai ya yi sa'a 20 a wasan, jimillar matakan sana'o'insa ta kai 100, ya kuma tara makin aike 10. Makin goman nan aike biyu ke kawo su. Romeo & Juliet a Varrock yana ba da biyar, kai-kawon saƙo ne, ba faɗa. Goblin Diplomacy ma biyar: ana son sulke uku, ɗaya a rina shi shuɗi, ɗaya ruwan lemo, ɗaya a bar shi yadda yake. Mai rinin, Aggie, tana Draynor. Ja daga jajayen 'ya'yan itace take haɗawa, rawaya daga albasa, shuɗi daga wani ganye da ake saye wurin mai kula da lambun Falador. Nan ma wanda ya karanta jerin kaya tun farko zagaye ɗaya zai yi.

Daga nan ka nemi masu ɗaga sana'a da sauri. Vampyre Slayer yana ba da ƙwarewar kai hari 4,825, wadda ke ɗauke sabon mutum daga mataki na 1 zuwa na 20. Kada ka manta tafarnuwa da guduma. The Knight's Sword ya fi kowanne riba, ƙwarewar ƙira 12,725, daga mataki na 1 zuwa na 29 a tashi ɗaya, sai dai yana son haƙar ma'adinai mataki na 10, kuma dole ka shiga kogon ƙanƙara inda ƙattai ke yawo don haƙo dutsen takobin. Wannan yana cikin waɗanda ba a shiga da sabis mai rawa.

Akwai guda ɗaya da manhaja ba za ta iya raka ka kai kaɗai ba, Shield of Arrav. Mutum biyu yake so, ɗaya ya shiga ƙungiyar Phoenix, ɗayan Black Arm, su yi musayar mabuɗi da rabin takardar shaida. Maimakon neman baƙo a cikin wasan, ka sa abokinka ya buɗe nasa asusun. Kana Boɗinga yana Shagari, ku sa lokaci, ku shiga duniya mai lamba ɗaya. Ku yi shawara tun farko wa zai shiga wace ƙungiya, don in kuka shiga iri ɗaya ba ja da baya.

Mai waya kaɗai fa? Wasan yana kan waya tun ranar 30 ga Oktoban 2018, asusu ɗaya ne da na kwamfuta, amma RuneLite ba ta aiki a waya. Duk wanda ya ce ga ta nan ta Android ka sauke, asusunka yake nema. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe oldschool.runescape.wiki, kundin da 'yan wasa ke rubutawa, ka nemi aiken, ka shiga taƙaitaccen bayaninsa da suke kira Quick guide. Ɗauki hoton allo na jerin kayan da matakan, ko ka kwafe su a takarda, don kada ka riƙa fita daga wasan sabis ya yanke ka. Dabara mai kyau ga wanda ke samun laftof jefi-jefi: a waya ka tara kaya, ka sare itace, ka yi kamun kifi, aike masu rikitarwa kuma ka bari sai ranar da laftof ya zo hannu. In na wani ne, fita daga asusunka gaba ɗaya kafin ka mayar.

Abu biyu ke sa a rufe asusu: sakin manhajar da ke danna linzami a madadinka, da sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske. Za ka ga masu tallan duka biyun a kasuwar Varrock, har da masu alkawarin ninka maka kuɗi, wuce su. Quest Helper tana nuni ne kawai, ba ta dannawa, shi ya sa aka bar ta. Mai son ya ɗanɗani ɓangaren biya ba tare da dala ba yana iya tara zinaren wasa ya sayi takardar Bond a kasuwar, wadda ke ba da kwana 14. Iyaye kuma su sani: an gina labaran wasan a kan tatsuniyoyin Turawa, da dodanni da matsafa da fatalwa, kuma ana hira da baƙi a ciki, don haka na manyan yara ne da samari, a kuma riƙa leƙa su.

Babban aiken ɓangaren kyauta shi ne Dragon Slayer, wanda ba a ba ka shi sai ka tara makin aike 32. A nan ne jerin kayan ke nuna ƙimarsa sosai. Taswirar tsibirin Crandor, inda dodanniyar da za ka kashe take, kashi uku ce a wurare uku. Kashi ɗaya yana bayan wata ƙofa a ramin haƙar ma'adinai da ba ta buɗewa sai da abu huɗu: kwanon yumɓu da ba a gasa ba, siliki, kejin kamun ƙaguwar teku, da wani abin sha da ake sayarwa a Falador. Wani kashin yana hannun wani fursuna a gidan yarin Port Sarim, ko ka biya shi 10,000 ko ka karɓa da ƙarfin sihirin wasan. Jirgin ruwan da zai kai ka tsibirin 2,000 ne kuɗinsa, gyaransa katako uku da ƙusoshin ƙarfe 90 da guduma, matuƙinsa kuma wani tsoho ne, Ned, a Draynor. Sayo duk wanda ake sayarwa a tashi ɗaya daga Grand Exchange, ka zuba a banki, ka raba aiken zama uku ko huɗu gwargwadon batirinka: taswira, jirgi, sannan faɗa.

Ranar faɗan, je wurin Duke Horacio a benen fadar Lumbridge ka karɓi garkuwar wutar dodo, kyauta yake bayarwa. Ka tabbata tana hannun mutuminka, ba a cikin jaka ba, domin dodanniyar, Elvarg, tana mataki na 83 kuma wutarta tana iya cinye yawancin ranka a hura ɗaya in babu ita. Cika ragowar gurbin jaka da dafaffen abinci mai kyau. Cika batir, sa wa waya data ta isa, ka ce wa na gida kada a kira layin na ɗan lokaci, don a wasu wayoyin kira yana yanke intanet. A cikin kogon, kafin ka tsallaka wurinta, akwai wata ɓoyayyiyar ƙofa a bango da ke fita zuwa ramin dutsen Karamja. Manhajar za ta haska ta. Buɗe ta tukuna, domin jirgin ya riga ya fashe a gaɓa, kuma in faɗan bai yi kyau ba ta nan za ka dawo.